Amsa ga Anti kan darasin da Abba ya zaɓa

Salamu alaikum. Anti, na saurari saƙonki. Kin ce Abba ya shiga SS1 ya zaɓi labarin ƙasa, kina tambaya wai ba haddar sunayen koguna da duwatsu ba ce kawai. Ni dai na san abin da ke ranki, tsoro kike kada yaro ya ɓata shekara uku a banza. To ki kwantar da hankalinki, ki ƙyale shi.

Babban ɓangare na darasin ma a kan mutane yake: yawan jama'a, ƙaura, ci-rani, noma, sufuri, da abin da ya sa gari ya kafu a inda ya kafu. A WAEC takarda guda sukutum aka ware masa, ta biyu.

Kanon nan da muke ciki ta ishe shi misali. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, Turawa na sa ran auduga, manoma suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi suka koma mata, asalin dalar gyaɗa ke nan. Sabon Gari ma baƙin da layin dogo ya kwaso daga kudu ne suka cika shi. Ki je Dawanau da safe ki ga tireloli ana lodin gero da wake da riɗi, wasu Nijar suka nufa, wasu kudu. Ko dam ɗin Tiga, da aka gama shi a 1974, da shi Kura da Kadawa suka samu noman rani, ga tumatir ga shinkafa, amma ambaliyar da mutanen fadamar Haɗeja da Nguru suka dogara da ita ta ragu. Wa ya ci riba, wa ya yi asara? Irin tambayar da nake so a riƙa yi wa yaro ke nan.

Abin da har yau ke ƙona mini rai, mu malaminmu shigowa yake ya ba mu baya, ya cika allo da masana'antun Jamus, mu kwafa, a kaɗa ƙararrawa. Ko sau ɗaya bai ce mu leƙa Kurmi mu tambayi 'yan kasuwa daga ina kayansu ke zuwa ba, alhali da ƙafa ake zuwa. Taswira ɗaya tal muke da ita, ita ma a yage, an liƙe bayanta da... kai, a bar maganar nan.

Yawwa, taswira. Anti, a nan yara ke zubewa. A takarda ta uku tambayar karatun taswira dole ce, ba a tsallake ta. Ki saya masa rula da zare, ya riƙa bin lanƙwasar kogi da zaren, ya ɗora a kan rula, ya mayar da tsawon kilomita da sikeli, wato ma'aunin da ke jikin taswirar, har hannunsa ya faɗa. Tun yanzu zai fara, kada ya jira SS3. In ya dawo daga islamiyya ki ce ya kira ni.