Alhaji, lissafin birkila bai ƙare ba: amsa ga mai shirin gini a Ikorodu

Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya sa albarka, ya nuna mana ranar tarewa. Ka ce ka sayi fuloti a Ikorodu ta jihar Legas, birkila ya yi maka lissafin bulo da siminti da rodi da kwano, kana tambaya ko da sauran abin da za ka ware wa kuɗi. Da saura, kuma da yawa. Na daɗe ina sayar da kayan gini a Agege, na kuma gina nawa. Yawancin kangayen da na ga sun tsaya a linta, masu su sun cinye kuɗin rufi ne tun ginin bai fito daga ƙasa ba.

Fara da takardu. Rasit ɗin da masu fili suka ba ka ba ya wadatarwa. Za ka biya safiyo ya auna, a duba a Alausa, sakatariyar gwamnatin jihar Legas, ko filin ya faɗa cikin wanda gwamnati ta riƙe. Lauya zai rubuta yarjejeniyar sayarwa, sannan a nemi amincewar gwamna, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada. Sai mai zane da injiniya, sai izinin gini daga LASPPPA, hukumar ba da izinin gini ta jihar, inda za a nemi shaidar biyan harajinka, ga kuma LASBCA, hukumar sa ido kan gine-gine, da ke zuwa duba aiki. Kada wani ya ce maka a fara, a gyara daga baya. Idan jami'an hukuma suka shafa wa katangarka jan fenti, aiki ya tsaya, ga tara, ga siminti yana daskarewa a rumfa.

Sai omo onile, wato masu cewa ƙasar gadon danginsu ce, suna neman kuɗi wajen mai gini. Mu da muka saba da Arewa, inda da an biya an shaida wa mai unguwa magana ta ƙare, nan ne abin ke ba mu ciwo. Ranar haƙa fandisho za su zo. Ranar linta su dawo, ranar rufi ma haka, wani lokaci har tifar yashi sai an biya kafin ta juye. Legas ta yi dokar hana wannan tun 2016, amma a bayan gari bai mutu ba. Shawarata, tun lebura bai ɗaga diga ba, ka tafi da lauyanka da dattijon da ya san unguwar, ku zauna da dangin da suka sayar da kuma baale, wato mai unguwar Yarbawa, a rubuta abin da aka biya da abin da ya ƙunsa, kowa ya sa hannu. Wanda ya zo da barazana bayan haka, ka kai ƙara. Kada ka tara yara a yi faɗa, don Allah.

Abin da ya fi cin kuɗi a ɓoye kuwa ƙasa ce. Ikorodu akwai tudu, akwai fadama ta wajen ruwa. Ka je filin nan a watan Yuni ko Yuli, bayan an kwana ana ruwa, ka tsaya ka ga inda ruwa ke kwanciya, ka dubi zanen danshi a katangar maƙwabta. Ka biya a yi gwajin ƙasa. Idan injiniya ya ce sai ciko da fandisho na shimfiɗar kankare, ko a kafa turaku, lissafin birkila ya tashi aiki. Ka duba hanya ma: in tifa ba ta shiga da damina, a bakin titi za ta juye, ka sake biyan masu baro.

Ruwa kafin gini ake nemansa, wato rijiyar burtsatse da tanki da janareto. Ga sokawe, ga katanga da get, ga rumfar ajiya da albashin maigadi, domin rodi ba ya kwana shi kaɗai. Ƙungiyar unguwa za ta zo da kuɗin tsaro da na taransfoma, kamfanin wuta na Ikeja Electric kuma da maganar mita, wataƙila har turken wuta da waya kai za ka saya.

Bayan rufi kada ka ce an gama. Wayarin, famfo, filasta, tayil, silin, ƙofofi da tagogi suna iya cin abin da ya kusa kuɗin gangar ginin, kana kuma biyan haya a inda kake.

Farashi ma ba ya jira. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama cikin 'yan makonni. Ni dai nakan ce a ɗora kashi 20 cikin 100 a kan duk lissafin, a ajiye a asusu daban wanda biki ko jari ba za su taɓa ba. Idan kuɗin bai kai ba, a rage ɗaki, kada a rage rodi.

Faɗa mana ɓangaren da filin yake, Ijede ne ko Imota ko Igbogbo, akwai 'yan'uwa a nan da suka yi gini a can.