Amsa: horon malamai a makaranta mai zaman kanta

Hajiya, kin ce horon kwana biyar da kike shirya wa malamanki kafin komawa lakwal a Oktoba ba ya tasiri a aji. Dalili shi ne ba mai bibiya bayan an watse. Ki rage shi zuwa kwana biyu, sauran ki rarraba: awa biyu kowane mako biyu, maudu'i guda, misali koyar da karatu a ajin CI, wato ajin farko na firamare.

Abin da ya fi amfani shi ne malami ya zauna a bayan ajin ɗan'uwansa minti 30, ya lura da abu ɗaya tak, kamar yara nawa suka buɗe baki. Su tattauna a ranar. Kada direkta ya haɗa wannan da zancen albashi, in ba haka ba kowa zai ɓoye rauninsa.

Ki tura malaman taron CAPED na yankinku, wato haɗuwar malamai don ƙara wa juna sani kan koyarwa, ki kuma gayyaci mai ba da shawara daga ofishin sufeto ko malami daga makarantar horon malamai ta Askia Mohamed nan Damagaram. Kuɗin mai kawai ki tanada.

Mai gadi da sakatare ma a koya musu taimakon gaggawa da rajistar masu ɗaukar yara.