Na zame a kanti na karye: dole ne su biya ni diyya?

Tambaya: Barista, na taka ruwan sabulu da ya zube a wani babban kanti, na zame na karye a wuyan hannu. Ɗinki nake yi, kuma tun lokacin ban iya riƙe almakashi ba. Manajan ya ce za su biya kuɗin asibiti idan na sa hannu a wata takarda. Yayana ya ce kada in yarda, tunda a wurinsu na faɗi dole su biya komai, mu tafi kotu kawai. Me ya kamata in yi?

Amsa: Sannu da jiki Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Bayanin da zan yi a dunƙule yake, domin ban ga takardar ba, kuma doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Yayanki ya yi daidai da ya hana ki sa hannu, amma dalilinsa da gyara. A mafi yawan dokoki, faɗuwa a wurin mutum kawai ba ta ɗora masa diyya. Abin da doka ke nema daga mai wuri shi ne ya ɗauki matakin da mai hankali zai ɗauka don kada masu shigowa su cutu. Haka dokar Ingila ta 1957 kan masu riƙe da wurare ta tsara, kuma kotuna da dama a kan wannan ma'aunin suke. Ke ce za ki nuna an yi sakaci, kuma sakacin ne ya jawo karayar.

To, a nan gizo yake saƙa: tun yaushe sabulun yake a ƙasa? Idan wani mai sayayya ne ya yar da kwalba kina tafe a bayansa, mai yiwuwa alƙali ya ce tsautsayi ne, babu ma'aikacin da zai iya gogewa a wannan ɗan lokaci. Idan kuwa ya daɗe har an tattaka shi, ga sawun takalma ga na keken ɗaukar kaya, ma'aikata na wucewa ba wanda ya sa alama, magana ta canza.

Akwai hukuncin da zai iya taimakonki. A 1976, a shari'ar Ward da Tesco, wata mata ta zame a kan yogot da ya zube a kanti, ta kuma kasa nuna tsawon lokacin da ya yi a ƙasa. Duk da haka kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta tabbatar mata da nasara, ta ce a irin wannan hali kantin ne zai nuna cewa ba rashin kulawarsa ya jawo ba. Ba kowace kotu ce ke bin wannan sau da ƙafa ba, don haka kada ki ɗauke shi tabbaci.

Ki kuma shirya wa tambayoyin lauyansu. Akwai alamar santsi a wurin? Waya kike dubawa? Wane irin takalmi ne a ƙafarki? Idan aka ga da naki sakacin, galibi ana rage diyyar gwargwadon laifinki, kamar yadda ake yi a Ingila tun 1945. A wasu jihohin Amurka 'yan kaɗan ma, ɗan sakacin mai ƙara na iya rushe ƙarar gaba ɗaya.

Batun takardar ne ya fi damuna. Irin waɗannan takardu sau da yawa suna ɗauke da layi guda da ke cewa abin da aka biya shi ke nan, ba za ki sake neman komai ba. Miƙa wa mai filasta a hannu alƙalami tun likita bai faɗi yadda ƙashin zai kama ba, a ganina ba halin mai son gyara ba ne. Karayar wuyan hannu kan bar sanƙarewa na watanni, ga shi da hannun kike cin abinci. Ki nemi kwafi, ki ce lauya zai duba. Idan sun hana kwafin, ki rubuta ranar da suka hana da sunan wanda ya hana.

Abin gaggawa shi ne hoton kyamarar tsaro, domin yawancin na'urorin nan suna goge tsohon hoto da kansu cikin kwanaki ko makonni. A rubuta musu wasiƙa yau, da rana da lokacin faɗuwar, a nemi su adana hoton da kuma rajistar share-share ta wannan rana. Sauran kin san su: rahoton likita, hoton ƙashi, rasit, lambar duk wanda ya gani.

Diyya kuma ba garaɓasa ba ce. Manufarta a mayar da ke kusa da inda kike kafin haɗarin: kuɗin magani, kuɗin shigar da kika rasa, da wani abu na raɗaɗin da kika sha. Mai sana'ar hannu kan sha wuya wajen tabbatar da asara, saboda haka ki fito da littafin awon masu kawo ɗinki da bayanan kuɗin da ke shiga asusunki kafin karayar da bayanta.

Akwai wa'adin shigar da ƙara. A Ingila shekara 3 ne ga rauni, wasu wuraren bai kai haka ba, kuma idan ginin na hukuma ne yana iya zama 'yan watanni. Tattaunawar sulhu yawanci ba ta tsayar da wannan lissafi.

Shawarata, kada kotu ta zama matakin farko. Shari'a irin wannan na iya cin shekaru, kuma a wurare da dama wanda bai yi nasara ba kan biya wani ɓangare na kuɗin shari'ar abokin hamayya. Lauyanki ya tabbatar da wanda ke da alhakin wurin, kantin ne, mai ginin ne ko kamfanin shara, sannan ya aika wasiƙar neman diyya ya tambayi kamfanin inshorarsu. Idan aka kasa daidaitawa, a zauna gaban mai shiga tsakani da rahoton likita a hannu. In suka ƙi zaman, ko suka ce hoton ya ɓace bayan an rubuta musu su adana, a lokacin zan goyi bayan yayanki a shigar da ƙara.