Shatar mota daga filin jirgin Duwala zuwa Kiribi: amsa ga wani ɗan kasuwa na Garwa

Wani ɗan kasuwa da ke sayar da tayil da kayan gini a Garwa ya rubuto mini cewa kwantenarsa ta farko da ya biyo da ita ta tashar jiragen ruwa ta Kiribi ta kusa isowa, kuma yana so ya je ya tsaya a kanta da kansa, ya kuma tafi da uwargida da yara biyu su huta kwana uku a bakin teku. Jirginsu zai sauka a Duwala da la'asar. Wani direba da aka ba shi lambarsa ya ce zai ɗauke su shata zuwa Kiribi a kan sefa 100,000, da sharaɗin a tura masa kuɗin gaba ɗaya ta Orange Money kafin ranar tafiya. Yana tambaya ko kuɗin bai yi yawa ba, kuma ko ya tura.

Alhaji, Allah ya sa kayan su iso lafiya, ya sanya albarka a cikinsu. Ɗaukar shata a irin wannan tafiya daidai ne, kuma da ni ne haka zan yi. Farashin kuwa ba zan ce ya yi yawa ko ya yi araha ba sai mun san abin da ke cikinsa. Amma tura kuɗin gaba ɗaya ga mutumin da ba ka taɓa gani ba, wanda iyakar abin da ka sani game da shi lambar waya ce, wannan kada ka yi shi.

Bari mu fara da hanyar kanta, domin ita ce ke yanke farashi. Daga Duwala zuwa Kiribi kimanin kilomita 170 ne. Mota za ta fita ta gabashin gari, ta bi unguwar Yasa, ta haye gadar Dibamba, ta kama babbar hanyar Duwala zuwa Yawunde har Edeya, inda ake haye kogin Sanaga, sannan ta karkata kudu ta nufi teku. Filin jirgin yana wannan ɓangaren na gari, saboda haka ba za ku haye gadar Wuri ba, amma cunkoson mashigar gabas da yamma kaɗai yana iya cinye muku sa'a guda. Idan hanya ta yi kyau tafiyar sa'a uku ce ko kusa da haka. Kashi na farko, daga Duwala zuwa Edeya, shi ne hanyar manyan motoci: tireloli masu ɗauke da kwantena, tankokin mai, da motocin katako waɗanda ke ɗauke da gungumen itace uku ko huɗu ɗaure da sarƙa, kowane gungume ya fi ƙaramar mota tsawo. Wanda ya taɓa bin bayan irin wannan mota a cikin ruwan sama ya san dalilin da ya sa nake damuwa da hankalin direba fiye da kyan motarsa.

Yanzu sai lissafi, wanda kai ka fi ni saninsa a kanti, sai dai mutane kan manta da shi idan aka zo batun mota. Mai shata ba kuɗin kilomita 170 yake caja ba, na 340 yake caja, domin bayan ya sauke ku zai komo Duwala, kuma galibi wayam zai komo. A ƙarin da gwamnatin Kamaru ta yi a Fabrairun 2024 litar fetur ta koma sefa 840, ta man dizal kuma 828. Ka tambayi farashin ranar kafin ka yi ciniki. Idan muka ɗauka motar tana shan lita 10 a kowace kilomita 100, zuwa da dawowa lita 34 ke nan, wato sefa 28,560. Babbar mota mai na'urar sanyi a kunne, ɗauke da mutum biyar da akwatuna, za ta sha fiye da haka. Ka ɗora kuɗin shingayen hanya, inda aka saba biyan sefa 500 a kowane ɗaya, da kuɗin ajiye mota a filin jirgi, da ladan direba na yini guda cur, da rabon mai mota na taya da gyara da inshora. Idan ka haɗa waɗannan za ka ga cewa duk wanda ya yi maka tayin da bai wuce kuɗin mai da kaɗan ba, to, akwai abin da ya ɓoye: ko dai zai cusa muku wasu fasinjoji a hanya, ko motar ba ta da takardu, ko kuma ba shi da niyyar zuwa. Haka kuma za ka ga cewa a cikin 100,000 akwai wurin ragi, musamman idan ka ba shi dawowar ma, domin wanda ya san zai samu aiki biyu daga hannu ɗaya yana da dalilin sassautawa.

Akwai wata tambaya da ban ga ka yi wa direban ba, kuma ita ce ta fi tsada idan aka bar ta. Idan ya ce Kiribi, ina yake nufi? Tashar jiragen ruwan, wadda ta fara aiki a 2018, ba a cikin gari take ba. Tana Mboro, kimanin kilomita 35 kudu da garin, kuma ana zuwa ta ne ta babbar hanyar Kiribi zuwa Lolabe da aka buɗe a 2022. Masaukan baƙi kuma a warwatse suke a bakin teku, wasu a cikin gari, wasu can wajen magangarar ruwan Lobe, inda kogi ke zubowa kai tsaye cikin teku, kilomita bakwai ko makamancin haka daga gari. Direban da ya yi ciniki a kan kalmar Kiribi kawai yana da hujjar tsayawa a tsakiyar gari ya ce nan aka yi da shi, kuma da dare, da iyali a mota, ba ka da bakin musu. Saboda haka ka rubuta masa sunan masaukin da unguwarsa, ya amsa a rubuce cewa har ƙofa zai kai ku. Zirga-zirgarka tsakanin masauki da tashar jiragen ruwa kuma ciniki ne dabam, kuma shawarata ita ce ka bar wa wakilin da ke fitar maka da kaya daga kwastan ya nemo maka motar gari, domin riƙe motar Duwala kwana uku yana nufin kai za ka biya kwanan direba da abincinsa.

Na zo kan batun tura kuɗi. Direba na da gaskiyarsa idan ya nemi wani abu a hannu, domin shi ma an sha sa shi ya ƙona mai ya je filin jirgi ya tarar fasinja ya bi wata motar. Abin da ya dace shi ne kafin alƙalami, kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku, gwargwadon abin da zai sa mai, sauran kuma a hannu bayan an sauke kaya a masauki. Kafin ko sefa ɗaya ta fita daga wayarka, ka nemi ya turo maka hoton katin shaidarsa, da lasisinsa, da takardar mallakar mota, da inshora, da takardar gwajin lafiyar mota, da hoton motar kanta lambarta na fitowa sarai. Sannan idan ka zo turawa ka duba sunan da ke kan asusun: idan ya saɓa da sunan da ke kan katin shaida, ka dakata ka nemi bayani. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, domin takardun nan su ne jandarmomi za su nema a hanya ko kai ba ka nema ba. Wanda ya fara cewa ai mu duka Musulmi ne, ko ai wane ne ya haɗa mu, a maimakon ya turo hoto, ya riga ya ba ka amsa.

Batun inshora yana buƙatar a tsaya a kansa. Da yawa daga cikin masu wannan aiki motar gida suke amfani da ita, irin waɗanda ake kira kilando a Kamaru, kuma inshorar motar gida ba lallai ta ɗauki nauyin fasinjan da ya biya kuɗi ba idan tsautsayi ya faru, Allah ya kiyaye. Bambancin farashi tsakanin kamfanin haya mai rajista da mai motar gida yawanci a nan yake, kuma da iyali a mota ni ina ganin bambancin ya cancanci a biya. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kira masaukin da ka kama a Kiribi ka tambaye su ko suna da direban da suka saba aikawa filin jirgi. Za su ɗora la'adarsu a kai, babu shakka, amma ka samu wanda za ka riƙe, mai gini da adireshi, wanda ba zai iya kashe waya ya ɓace ba. Manhajar kiran mota irin su Yango tana da amfani a cikin garin Duwala, sai dai tafiya mai nisa irin wannan takan koma sabon ciniki tsakaninka da direba, kuma ba da yamma a ƙofar filin jirgi ake son fara ciniki ba.

Abin da ya sa nake nanata hoton mota da lambarta, ya taɓa faruwa da ni. Na yi ciniki da wani mutum a kan mota mai kyau, na ba da kafin alƙalami, da na fito sai na tarar da wani saurayi riƙe da guntun kwali an rubuta sunana a kai da kuskure, ya ce maigidansa ya samu uzuri ya turo shi. Motar da ya nuna mini ba ita aka turo mini a hoto ba, na'urar sanyi ba ta aiki, kuma da na sa ya buɗe but sai na ga tayar ajiya ta suɗe har zare ya fito. Ashe wanda na yi ciniki da shi ɗan kamasho ne, ya cire rabonsa ya sayar da aikin ga wani. Da ƙyar na samu wata motar, kuma kafin alƙalamin bai dawo ba. Tun daga ranar nake sa sharaɗi a rubuce cewa idan aka canza mota ko direba ba da sanina ba, ciniki ya warware kuma za a mayar mini da kuɗina.

Sai lokaci, wanda shi ne ya fi damuna a wasiƙarka. Ka ce da la'asar za ku sauka. A wannan yanki rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida da rabi kusan duk shekara, kuma duhu ba ya jira. Idan jirgi ya yi jinkiri da sa'a ɗaya ko biyu, ga jiran akwatuna, ga cunkoson fita daga gari, za ku yi mafi yawan tafiyar cikin dare, a hanyar da ta ratsa daji da gonakin kwakwar manja, tare da manyan motoci. Idan a damina ne, musamman tsakanin Yuli da Satumba lokacin da ruwan Duwala ke sauka kamar da bakin ƙwarya, abin ya ƙara nauyi. Ka yi yarjejeniya da direban tun yanzu a kan abu biyu: sa'a nawa zai jira kyauta idan jirgi ya makara da abin da za ka ƙara masa bayan haka, sannan idan kun fito bayan wani lokaci da za ku ajiye, a ce ƙarfe biyar, za ku kwana a Duwala ku kama hanya bayan sallar asuba ba tare da sabon farashi ba. Kuɗin ɗaki na dare ɗaya ƙaramin abu ne a kan wannan. Ka ba shi lambar jirginka, kuma ka kira shi kafin ku tashi daga Garwa. Ka kuma gaya masa za ku tsaya sallah a Edeya, don kada ya ɗauke ta a matsayin ɓata lokaci.

Za ka iya cewa me ya hana a bi bas, tunda akwai kamfanonin da ke jigila tsakanin Duwala da Kiribi kullum, kuma kuɗin kujera huɗu bai kai rabin shata ba. Da kai kaɗai ne da jaka ɗaya kuma da safe ka sauka, da na ce ka bi bas ka adana kuɗinka. Amma ka lissafa tasi daga filin jirgi zuwa tasha, da jiran tashin mota, da wata tasin daga tashar Kiribi zuwa masauki, duk da yara da akwatuna. Sannan ka tuna abin da ya kai ka. Kwantena tana da kwanakin da kamfanin jirgin ruwa da tasha suka ba ta kyauta, kuma da zarar sun ƙare tarar jinkiri take fara hawa kullum. Ka tambayi wakilinka nawa ne tarar kwana ɗaya a kan kwantenarka, ka ajiye adadin kusa da bambancin kuɗin shata da na bas. Idan sa hannunka ko wata takarda da ke jakarka ce ake jira, yini ɗaya da ka rasa, musamman idan ya faɗa a ƙarshen mako, yana iya cinye abin da ka yi tattali har ya ɗora.

Tunda tafiyar ta haɗa kasuwa da iyali, ka raba kuɗin tun a littafi. Abin da za ka kashe da kai kaɗai ne ka je, shi za ka ɗora a kan kuɗin kwantena, domin yana cikin abin da zai fitar maka da farashin kowane kwalin tayil. Ƙarin da iyali suka jawo, da gasasshen kifi da jatan lande da za ku ci a bakin ruwan Mbowa Manga, daga aljihun gida za su fito. Ka nemi rasit daga direban ko kamfanin, ka kuma ajiye saƙon tura kuɗin.

Game da dawowa, kada ka biya ta tun yanzu. Ka ajiye rana da farashi kawai, ka tabbatar masa kwana ɗaya kafin nan, domin aikin kwastan ba ya bin ranar da ke kan tikitin jirgi. Idan tafiyar ta faɗo a hutun ƙarshen Disamba, lokacin da mutanen Duwala da Yawunde ke cika Kiribi, ka kama mota da masauki da wuri, domin duka biyun suna tsada kuma suna wuyar samu. Ranar komawa kuma ka bar Kiribi aƙalla sa'a shida kafin tashin jirginku, uku na hanya, ɗaya na cunkoson Yasa, biyu na filin jirgi.