Ido lafiya lau, amma gani ya dushe bayan shaƙar hayaƙin janareto

Tambaya: Likita, ƙanena ya kwana da janareto a kunne cikin zaure, ya kulle ƙofa saboda ɓarayi. Da asuba muka tarar da shi a sume. Ya farfaɗo a asibiti har aka sallame shi, amma bayan mako biyu sai ya fara ganin dishi-dishi. Mai gilashi ya duba ya ce idon ƙalau yake. To me ke damunsa?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Mai gilashin bai yi ƙarya ba, sai dai matsalar na iya kasancewa a bayan inda ya duba.

Abin da ya kayar da ƙanenki iska ce mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Janareto na fitar da ita, haka ma gawayin da ake shiga ɗaki da shi a hunturu. Tana maƙale wa jini fiye da iskar oksijin sau sama da 200, sai jini ya yi ta zagaye ba tare da kai wa gaɓoɓi abincinsu ba. Tantanin ƙwayar ido na ciki, da jijiyar gani, da sashen ƙwaƙwalwa na ƙeya mai fassara abin da ido ya ɗauko, duk mayunwatan oksijin ne. In na ƙeyar ne ya taɓu, za ki ga ido garau, baƙin ido na tsukewa in an haska tocila, amma mutum na laluben kofin shayi a gabansa.

Jinkirin ma sananne ne. Wasu sukan warware sarai, sannan tsakanin kwana 2 zuwa 40 larura ta dawo: mantuwa, tangaɗi, sauyin hali, ko raunin gani.

Ki mayar da shi asibitin koyarwa cikin makon nan, ya ga likitan ido da na ƙwaƙwalwa. Ku fara da labarin janareton tun kafin a tambaye ku, don na sha ganin an ɓoye shi saboda kunya, a yi ta gwaje-gwajen banza. Za a ɗiga masa magani a leƙa cikin idon, a auna faɗin ganinsa da bambance launi, wataƙila a yi hoton ƙwaƙwalwa. Da yawa ganinsu na dawowa sannu a hankali cikin watanni, wasu kuma ba ya cika.

Tozali da maganin ɗigawa na kemis ba sa kaiwa wurin. Kada ya hau babur ko ya tuƙa mota tukuna. Janareton kuma a fitar da shi fili, nesa da taga, ko da sarƙa za a ɗaure shi.