Amsa ga Alhajin Kamba kan ɗora tankuna a injin shinkafa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a wannan aiki. Idan na fahimci tambayarka, ƙaramin injin gumi da casar shinkafa kake kafawa a Kamba, kuma mai waldarka ya ba ka shawarar a haɗa hasumiya ɗaya ta ƙarfe, a ɗora tankin ruwa na roba mai lita 5,000 a can sama, a rataya tankin man gas mai lita 2,000 a ƙasansa don a rage kashe kuɗi. Kana so ka ji ko hakan zai yi. Ni sana'ata ke nan, walda da kafa tankuna tsakanin Birnin Kebbi da Jega da Argungu, kuma amsata ita ce kada ka yarda, ka raba su.

Mu fara da lissafi, don a nan ake yawan ruɗuwa. Tankin roba idan babu komai a ciki, samari kaɗan ne za su mirgina shi, shi ya sa ido ke raina shi. Amma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka ga lita 5,000 tan biyar ke nan, buhu ɗari na siminti. Man gas bai kai ruwa nauyi ba, lita 2,000 za ta yi wajen kilo 1,700. Idan aka haɗa da nauyin ƙarfen kansa, ana maganar fiye da tan bakwai a kan ƙafa huɗu. Duk mai waldar da ya yanka maka farashi bai tambayi lita nawa ba, bai kuma je ya ga ƙasar wurin ba, ƙiyasi kawai ya yi.

Ƙasar nan ita ce abin da na fi so ka tsaya a kai. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, injina suka yawaita, kuma da yawansu kusa da fadama aka kafa su don a samu ruwa da sauƙi. Laka ta fadama da rani tauri gare ta, har diga take ƙi, sai mutum ya ɗauka ya samu wuri mai ƙarfi. Damina na sauka ta sha ruwa ta kumbura ta yi laushi. Ƙafa ɗaya ta nutse da ɗan yatsa biyu, nauyin ya karkata, sauran ƙafafun su ɗauki abin da ba a yi su dominsa ba. Saboda haka a haƙa ramin kowace ƙafa har a wuce baƙar lakar a tarar da ƙasa mai tsauri, a saka rodi, a zuba kankare, a kuma ɗaure ginshiƙan huɗu da juna ta ƙasa don kada kowanne ya tafi hanyarsa. Kankaren ya ɗago sama da ƙasa kamar taƙi ɗaya, a binne manyan kusoshi masu noti a ciki, a ɗaure ƙafar ƙarfen a kan faranti mai kauri. Ban son ganin an cusa ƙafar ƙarfe kai tsaye cikin siminti daidai da ƙasa, domin a nan ruwa ke kwanciya, tsatsa ta ci gindin a ɓoye alhali sama na ƙyalli da fenti. Kuma a yi haƙuri da kankare, ana ba shi ruwa, sai ya yi kwana 28 yake kaiwa ƙarfin da ake lissafi da shi. Ka tambayi dattawan unguwar inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2020, wannan ma ma'auni ne.

Jikin hasumiyar kuma dole a yi masa ƙarafan gicciye a duk fuskoki huɗu, daga hawa zuwa hawa. Su ne ake fara cirewa idan ana neman ragi, su ne kuwa ke riƙe ta idan hadarin farkon damina ya taso da guguwa. Tankin ma a ɗaure shi, don wanda babu ruwa a ciki iska ke ɗauka.

Sai mazaunin tankin. Gindin tankin roba yana so ya zauna gaba ɗayansa a kan abu shimfiɗaɗɗe, ba rami ba tudu. Na taɓa zuwa duba wani a wani injin da ba zan ambata ba, an jera ƙarafa biyar da tazarar da hannu zai shige, aka ɗora tankin a kai. Da na leƙa ta ƙasa, robar ta bultso tsakanin ƙarafan, wurin ya yi fari-fari saboda miƙewa, ruwa na ɗiga daga wata 'yar tsaga da ba ta kai farce ba. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 yana sa roba laushi, nauyin kuma ba ya hutawa dare da rana. A shimfiɗa farantin ƙarfe a kan ƙarafa masu kusa da juna, faɗinsa ya fi gindin tankin, a goge duk wani tsinin walda. Idan katako za a sa, to a san akwai gara da ruɓa, sai an riƙa dubawa. Bakin fitar ruwa kuma a haɗa shi da guntun tiyo mai lanƙwasa kafin bututu mai tauri, saboda tankin na buɗewa idan ya cika, ya koma idan ya ragu, bututun da aka ɗaure tamau shi ke tsage bakin. Game da tsawo, kowace mita 10 ke ba da matsin ruwa na "bar" ɗaya (ma'aunin matsi ke nan), don cika tukwanen jiƙo mita biyar ko shida ta wadatar. Ƙarin tsawo ƙarin kuɗi ne da ƙarin haɗari.

Man gas kuwa ƙasa ne wurinsa, nesa da tukunyar tururi da tulin ɓuntu. Tankin baƙin ƙarfe a kwance, a kan mazauni biyu masu lanƙwasa kamar sirdi, waɗanda suka rungumi cikinsa sosai. Biyu na ce, domin idan uku ne kuma ƙasa ta motsa, ɗaya zai saki, ko na tsakiya ya ɗauke kayan shi kaɗai. A sa roba mai jure mai tsakanin tankin da mazaunin, a ɗan karkatar da shi zuwa wajen famfon tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindi, a yi masa bututun shaƙar iska. Kada a yi amfani da ƙarfe mai rufin zinki, man gas na cin rufin ya je ya toshe allurar da ke fesa mai a inji. A kewaye shi da ginin bulo mai filasta da zai iya riƙe kashi 110 cikin 100 na abin da ke ciki, wato lita 2,200 a naka. Mita uku a mita biyu da tsawon santimita 40 zai ba ka lita 2,400. Wannan ginin ba ado ba ne, rijiyarka na kusa, kuma man da ya shiga ƙasa fitar da shi aiki ne babba. Tsakanin tankin da janareto a sa tiyon mai, kada jijjigar inji ta bi bututu ta karya walda. Don Allah kuma, tankin da ya taɓa ɗaukar mai kada a kusance shi da wutar walda ko da an ce an zubar, tururin da ya rage ke fashewa.

Ba ka yi maganar tankin ruwan zafi ba, amma tunda gumi za ka yi, akwai shi. Ƙarfe na miƙewa da zafi: mai tsawon mita uku, daga zafin gari zuwa tafasa, zai ƙaru da wajen milimita biyu da rabi. A ɗaure gefe ɗaya tamau, ɗaya gefen a yi ramin notinsa dogo don ya samu wurin zamewa.

Ranar da aka gama, kada a cika tankin sama gaba ɗaya. A zuba kwata, a sa igiya mai dutse a jikin kowace ƙafa a ga ko ta karkata, a duba walda da noti, a kwana, sannan a kai rabi, a sake dubawa, kowa kuma ya kauce daga ƙarƙashi. Tan biyar a sama da kan ma'aikata ya cancanci injiniyan gini ya fitar maka da kaurin ƙarfen da girman ramin a rubuce, ni ma da takardarsa nake aiki idan nauyi ya kai haka. Ka turo hoton filin da na ƙasar da aka haƙo daga zurfin mita ɗaya, mu duba tare kafin ka sayi ƙarfe.