Waƙata ta cika wayoyin Maraɗi, amma ko dala ban gani ba

Tambaya: Ni mawaƙi ne a unguwar Zariya ta Maraɗi. Waƙata ta bazu ta WhatsApp da wajen masu tura waƙa a kasuwa, ban samu ko dala ba, wasu ma ba su san ni na yi ta ba. Yaya zan yi?

Amsa: Ƙanena, batun hana turawa ka cire shi daga ranka. A zamanin kaset, sai an sayi kaset a juya, kuma kowane juyi yana rage sauti. Yanzu waƙar minti 4 a MP3 mai 128 kbps ba ta wuce kamar MB 4 ba, Xender na tura ta cikin daƙiƙoƙi ba tare da intanet ba, kuma ta dubun daidai take da ta farko. Abin da ke hannunka shi ne sunanka ya bi waƙar duk inda ta shiga.

Kafin ka bar situdiyo, ka karɓi asalin waƙar a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ka adana. Minti ɗaya yana cin kusan MB 10. Daga shi za a riƙa fitar da MP3. Kada a sake matse MP3 daga wani MP3, nan ne kiɗa ke dusashewa. Ka sa mai haɗa sauti ya rubuta sunanka da sunan waƙar da hotonka a cikin bayanan fayil ɗin, waɗanda ake kira ID3. Duk da haka ka ambaci sunanka da bakinka a farkon waƙar, don mai turawa na iya sauya rubutu, murya kuwa ba ta goguwa da sauƙi. A WhatsApp ka aika ta a matsayin takarda (document), sunan fayil ya tafi yadda yake.

Ka yi mata rajista a BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar, tun kafin ka sake ta, ba sai rigima ta taso ba. Sannan ka ɗora ta a Audiomack da YouTube da sunanka. Ranar ɗorawa ma shaida ce.

Kuɗin saurare ta intanet kaɗan ne, musamman inda mutane ke tattalin megas ɗinsu suna ji daga katin memuwa. Samun mawaƙi a nan yana wajen biki da suna da talla. Don haka ni ina ganin ka kai wa masu turawa sabuwar waƙa da hannunka, mai tsabtar sauti, da lambar neman ka a jikin hoton.